Karatu da Kunne: Tarihin Sauraron Littafi daga Zauren Malam zuwa Wayar Hannu a Ƙasar Mubi

Littafin saurare shi ne littafin da wani ya karanta da murya aka naɗi karatun nasa, domin mai son sanin abin da ke ciki ya saurara maimakon ya bi baƙaƙe da ido. A Turai da Amurka wannan nau'i ya zama babbar haja, har jaridu da mujallu sukan ware fili su zaɓo wa jama'a sababbin da suka fito, na ƙagaggun labarai da na ilimi. Wanda ya hango al'amarin daga can zai ɗauka baƙo ne da wayar hannu ta kawo wa ƙasar Hausa, alhali tarihin karatu a wannan yanki yana nuna cewa littafi ya shafe ƙarnoni yana shiga mutane ta kunne, kuma waɗanda suka san abin da ke cikin littattafai ta hanyar ji sun ninka waɗanda suka taɓa riƙe su a hannu. Na'urar ce sabuwa, amma sana'ar karanta wa wasu tsohuwa ce, tana da ladubbanta da gwanayenta, kuma tana da abin da ta yi asara a duk lokacin da ta sauya mazauni.

Bahuli wuri ne da ya dace a tsaya a dubi wannan tarihi, duk da cewa ba cibiyar wallafa ba ce kuma ba ta cikin ƙasar Hausa ta asali. Gunduma ce a ƙaramar hukumar Mubi ta Arewa a jihar Adamawa, a gindin duwatsun Mandara da suka raba Nijeriya da Kamaru, kuma mutanenta na asali Fali ne, masu karin harshen da masana suke kira Huli, wanda yake ɗan'uwa ga karin Vimtim da Muchalla da Bagira. A kewayen Mubi akwai Gude da Nzanyi da Kamwe da Margi da Kilba da Fulani, kowa da harshensa, sai Hausa ta zama harshen da ake haɗuwa a kai a kasuwa da tasha da wurin ibada. Ga mafi yawan mutanen irin wannan wuri, Hausa da kunne aka koye ta, a bakin 'yan kasuwa da masu wa'azi da akwatin rediyo, ba a aji ba, saboda haka littafin Hausa da aka karanta da murya yakan isa inda bugagge ba ya isa.

Asalin al'adar yana makarantar ilimi, wadda ake kira makarantar zaure, wato matakin da ɗalibi yake shiga bayan ya sauke Alƙur'ani a makarantar allo. Kafin zuwan injin ɗab'i littafi da hannu ake kwafarsa, takarda kuma ta ratso Sahara ne a bayan raƙuma, don haka tana da tsada, kuma kwafi ɗaya yakan wadatar da zaure guda. Ɗalibi yakan karanto jimlar Larabci daga Ahalari ko Ishmawi ko Iziyya ko Risala, malam yana fassara masa kalma bayan kalma da Hausa, ko da Fulatanci a ƙasar Adamawa, sannan ya tsaya ya warware mas'alar da misalan da suka dace da rayuwar garin. Sauran waɗanda suke zaune suna jiran layinsu duk suna ji, ta yadda mutum zai iya shekara yana jiran a zo kan ƙaramin littafinsa amma kunnensa ya riga ya ƙoshi da babban littafi irin Muhtasar. Akwai kuma dattawan unguwa da ba su buɗe littafi ko kaɗan, zama kawai suke yi, ana ce da su masu sauraro, kuma ba a ɗauke su a matsayin 'yan kallo ba. Tsarin isnadi, wato jerin malaman da ilimi ya biyo ta bakinsu har ya iso ga ɗalibi, ya ginu ne a kan ji, shi ya sa malamai suke yi wa wanda ya ɗauki ilimi daga takarda shi kaɗai kallon mai rauni, komai yawan littattafansa.

Wannan tsari ya fito fili ga jama'a baki ɗaya a watan azumi, lokacin tafsiri, inda ake raba aikin gida biyu. Alaramma, wanda ake kira mai jan baki, shi yake rera ayar da kira'a, malam kuma ya fassara ya yi sharhi, galibi yana dogaro da Jalalaini. A wasu masallatai da fadoji Ashafa ake karantawa, wato littafin Alƙali Iyal a kan darajojin Annabi, a watan Maulidi kuma a rera Ishiriniya. Abin lura a nan shi ne an bambanta gwanin murya da gwanin ma'ana tun da daɗewa, an kuma yarda cewa karatu ba ya cika sai sun haɗu, kuma jama'a sukan yaba mai jan baki da sunansa kamar yadda suke yaba malamin. Masu sayar da littattafan saurare a yau suna buga sunan mai karantawa a bango kusa da na marubuci, suna ganin sun gano sabon abu, alhali masallatan Kano da Zariya da Yola sun daɗe da sanin darajar muryar da ke ɗauke da nassi.

Malaman jihadi na ƙarni na 19 sun fahimci cewa yawancin mutanen da suke son isarwa saƙo ba za su karanta Larabci ba, sai suka zuba ilimi a cikin waƙa da Fulatanci da Hausa, domin waƙa littafi ce da ake ɗauka a ka. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi sun yi haka, amma wadda ta mayar da abin tsari ita ce Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864. Ta kafa ƙungiyar 'Yan Taru, inda take naɗa dattijan mata a matsayin jaji, ta ba kowace malfa alamar muƙami, su zo daga ƙauyuka su haddace waƙoƙinta na fiƙihu da tarihi da tarbiyya, su koma su rera wa matan da ba su iya barin gida. Jaji ita ce na'urar naɗar sauti ta wancan zamani, da bambanci guda mai girma, wato ana iya tsayar da ita a yi mata tambaya ta amsa. A ƙasar Fombina, wadda Modibbo Adama ya kafa, ya mayar da Yola hedikwatarta a 1841, waƙoƙin Fulatanci na addini sun yi irin wannan aiki, kuma Mubi tana cikin garuruwan da suka shiga ƙarƙashin wannan masarauta. A ƙarni na 20 Aliyu Namangi na Zariya, wanda makaho ne, ya tsara waƙoƙin Infiraji, makafi masu bara suka ɗauke su suka zaga da su kasuwanni da ƙofofin gidaje, har suka shiga kunnen mutanen da ba su taɓa ganin bugaggen littafin ba. Littafi ne da aka tsara shi ba da ido ba, aka kuma yaɗa shi ba da ido ba.

Zuwan boko, wato rubuta Hausa da baƙaƙen Rumawa, bai rushe wannan ɗabi'a ba, shiga cikinta ya yi. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya shirya gasar ƙaga labari, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East ɗin kansa. Duk wanda ya lura da ginin waɗannan littattafai zai ga cewa mafi shahara daga cikinsu sun sa mai ba da labari a gaban masu sauraro: Alhaji Imam yana ba baƙonsa labarin yawonsa, Ganɗoki yana ba yara labarin yaƙe-yaƙensa, Shaihu Umar kuma yana zaune a cikin almajiransa yana warware musu tarihin rayuwarsa. Magana Jari Ce, wanda ya fito a littafi uku tsakanin 1937 da 1939, ya kai abin ƙarshe, domin aku ne yake riƙe ɗan sarki da labari dare bayan dare don kada ya fita. Marubutan farko ba su iya tunanin labari ba tare da bakin da ke faɗarsa da kunnen da ke jinsa ba, kuma wannan ne ya sa rubutun Imam yake zama daram a baki idan aka karanta shi da ƙarfi. Bayan wannan duka akwai tatsuniya, wadda tsofaffin mata suke yi wa yara da dare, wadda ta riga ta horar da kunnen kowane yaro ya san yadda ake bin labari mai tsawo.

Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a watan Janairu na 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ta samu masu ji fiye da masu saye, domin kwafi ɗaya yakan faɗa hannun malamin makaranta ko akawun En'e ya karanta wa taro a ƙofar fada ko a gindin bishiya, musamman a shekarun yaƙin duniya na biyu da mutane suke son jin labarin 'ya'yansu da aka kai ƙasar Bama. Shirin Yaƙi da Jahilci na shekarun 1950, da hukumar NORLA da ta buga ƙananan littattafai masu yawa kafin a rufe ta a 1959, sun ƙara yawan masu iya karatu, amma kowane sabon mai karatu sai ya zama bakin gidansu, shi ne mai karanta wasiƙa da takardar haraji da littafin hira.

Yankin Mubi ya bi wata hanya dabam kafin ya haɗu da wannan tarihi. A farkon ƙarni na 20 yana ƙarƙashin Jamus a matsayin wani ɓangare na Kamaru, bayan yaƙin duniya na farko ya koma hannun Ingila a matsayin ƙasar amana, kuma sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 ya zama cikakken yanki na Nijeriya, aka kira shi lardin Sardauna, Mubi ce hedikwata. Makarantun boko sun yi jinkirin yawaita a ƙauyukan duwatsu, kuma kaso mai yawa na aikin koyar da karatu ya faɗa hannun 'yan mishan. Mishan ɗin 'Yan'uwa, wanda ya fara aiki a Garkiɗa a 1923, shi ne tushen Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, wadda hedikwatarta take Kwarhi kusa da Mubi. Da yake harsunan yankin suna da yawa kuma kowanne masu jinsa kaɗan ne, sai coci-coci suka jingina da Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka kammala bugawa a 1932, aka sake fitar da sabuwar fassara a 1979. Kowace Lahadi mai karatu yakan miƙe ya karanta sura a gaban jama'ar da yawancinsu ba su da kwafi, wani lokaci a sake juya ta zuwa harshen gari. Ta haka Musulmi da Kirista na wannan yanki suka yi tarayya a abu guda ba tare da sun shirya ba, wato kowannensu ya fara sanin littafinsa mafi girma ne daga bakin wani.

A ɓangaren na'ura, tarihin gajere ne. Thomas Edison ya ƙera na'urar naɗar murya a 1877, kuma tun a lokacin ya ambaci karanta wa makafi littafi a cikin amfanin da yake hango mata, amma faifan farko ba ya ɗaukar fiye da 'yan mintoci. Sai a shekarun 1930 aka fara naɗar cikakkun littattafai a faifan garmaho domin makafi, a Amurka a 1934, a Ingila a 1935, inda sojojin da suka makance a yaƙi suke cikin waɗanda aka yi domin su. Kamfanin Philips ya fito da kaset a 1963, kamfanin Audible ya kafu a 1995, Amazon ta saye shi a 2008. A can, kenan, littafin saurare ya fara ne a matsayin taimako ga wanda ba ya gani, daga baya ya zama abin more rayuwa ga mai tuƙi da mai motsa jiki, kuma a kowane hali mutum ɗaya ne yake ji shi kaɗai. A arewacin Nijeriya na'urar ta tarar da jama'a a zaune tare suna sauraro, sai kawai ta karɓi wurin mai karatun.

Rediyo ne ya fara karɓar wannan wuri. A 1944 aka buɗe rediyon waya a Kano, wanda ake jan waya daga tasha zuwa lasifikokin da aka kafa a wuraren taruwar jama'a. Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Kaduna a 1962, Muryar Jamus a 1963, Muryar Amurka a 1979, kuma ƙaramin rediyo mai batir ya kai waɗannan muryoyi gona da ruga da kan dutse, inda babu lantarki kuma babu mai sayar da jarida. Daga 1967 Rediyon Kaduna ya fara watsa tafsirin Sheikh Abubakar Mahmud Gumi daga masallacin Sultan Bello, abin da ya sauya ma'anar zama a gaban malami, domin yanzu mutum yana iya zama ɗalibin wanda bai taɓa gani ba, kuma mace tana iya jin karatun a ɗakinta ba tare da ta nemi izinin fita ba. Malaman ɗariƙu su ma suka nemi nasu filin a tashoshi, sai muhawarar da a da take tsakanin malamai a rubuce ta koma kunnen kowa. A ɓangaren Kirista, ɗakin shirye-shirye na Muryar Bishara a Jos ya riƙa shirya karatu da wa'azi da Hausa, ana watsawa daga Addis Ababa har zuwa 1977. Tashar Kaduna ta kuma buɗe ƙofa ga ƙagaggen labari, da wasannin kwaikwayo irin su Samanja na Usman Baba Pategi da Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan, wanda ya fara a iska kafin ya zama littafi, da shirin Shafa Labari Shuni inda ake karanta labarai.

Kaset ya ƙara abin da rediyo ba ya iya bayarwa, wato iko a kan lokaci. Mai rikoda yana iya tsayarwa, ya mayar baya, ya sake ji, ya ba maƙwabci aro, kuma mai shago a kasuwa yana iya kwafar ɗaruruwa daga kaset ɗaya. Daga shekarun 1970 zuwa farkon wannan ƙarni shagunan kaset sun zama ɗakunan karatu na talaka, inda ake jera karatun littafi guda a kaset talatin ko fiye, kowanne da lambarsa, mutum ya saya ɗaya bayan ɗaya gwargwadon ƙarfinsa. A arewa maso gabas tafsirin da Sheikh Ja'afar Mahmud Adam yake yi a masallacin Indimi na Maiduguri, kafin a kashe shi a Kano a watan Afrilun 2007, ya bi motocin haya da direbobin tirela ya shiga garuruwan kan hanya, kuma har yau ana sauraronsa. Idan ana neman littafin saurare na ilimi da Hausa, to wannan ne, domin karatun Arba'una Hadisi ko Bulugul Marami ko Riyadus Salihin da aka naɗa daga farko zuwa ƙarshe littafi ne cikakke tare da sharhinsa, ko da yake ba wanda ya kira shi da wannan suna.

Ƙagaggen labari ya sami nasa juyin a shekarun 1980, lokacin da tattalin arziki ya karye, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, matasa suka fara buga littattafansu da kuɗinsu. Tun kafin wannan juyi So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya fito a 1980, sannan Rabin Raina na Talatu Wada Ahmed a 1984, sai Balaraba Ramat Yakubu da Budurwar Zuciya da Alhaki Kuykuyo Ne, da Ado Ahmad Gidan Dabino da In Da So Da Ƙauna, da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa da Allura Cikin Ruwa. Masu suka sun laƙaba wa wannan adabi sunan adabin kasuwar Kano, wasu suka ce littattafan soyayya, amma abin da suke tattaunawa ya wuce soyayya, ya haɗa da auren dole da kishi da saki da karatun 'ya mace. Ana buga su kashi-kashi, ana ba da hayarsu a ƙananan shaguna, kuma a cikin gida yarinyar da ta yi makaranta ita take karanta wa uwa da kishiyar uwa da matar wa, suna tsinke zogale ko suna kitso, suna katse ta suna yanke wa taurarin labarin hukunci. Da tashoshi masu zaman kansu suka yawaita, musamman bayan buɗe Freedom Radio a Kano a 2003, karanta littafi a iska ya zama shiri na yau da kullum, kuma marubuta suka gane cewa littafin da aka karanta a rediyo kasuwarsa takan buɗe. Gasar Hikayata ta mata, wadda BBC Hausa ta fara a 2016, ta bi wannan sawu, domin labaran da suka yi fice karanta su ake yi a rediyo.

Wayar salula ta shigo Nijeriya a 2001, amma abin da ya sauya sauraro shi ne ƙaramar waya mai ɗaukar memori, wato ɗan katin ajiya da bai kai farce girma ba, wanda yake ɗaukar abin da kwali guda na kaset ba zai ɗauka ba. Sai wata sabuwar sana'a ta tsiro a bakin kasuwanni da tashoshin mota, ta matasa masu kwamfuta da ake kira 'yan dawunlodin, waɗanda suke tura wa mutum wa'azi da waƙa da fim da karatun littafi a kan kuɗi kaɗan, sau da yawa a rumfa ɗaya da mai cajin waya. Darajar wannan hanya ta bayyana a shekarun tashin hankali. A watan Mayun 2013 aka kafa dokar ta-ɓaci a Borno da Yobe da Adamawa, aka katse layukan waya na wani lokaci, a ƙarshen Oktoban 2014 kuma mayaƙan Boko Haram suka kama Mubi, jama'a suka watse, wasu suka hau duwatsu suka tsallaka Kamaru, wasu suka nufi Yola, kafin a ƙwato garin a watan Nuwamba. Makarantu sun rufe, da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa da suke Mubi, kuma mai gudun tsira ba ya ɗaukar akwatin littattafai. Abin da ke cikin memori ba ya bukatar layi, ba ya da nauyi, kuma yana shiga aljihu tare da mai shi duk inda ya nufa.

A yau marubuta da yawa, galibinsu mata, suna rubuta labari a waya suna sakinsa shafi-shafi a WhatsApp da Wattpad, wasu kuma suna ɗauka su karanta su ɗora a YouTube, inda littafi guda yakan kai sa'o'i masu yawa. A nan ne ya kamata a tsaya a kan gwanintar mai karantawa, domin rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti kuma ba ya nuna tsawon wasali. Kalmar da aka rubuta gari tana iya zama birni, tana iya zama abin da aka niƙa, kuka tana iya zama bishiya ko zubar da hawaye, fari kuma yana iya zama launi ko rashin ruwan sama. Mai karatu da ido yana warware wannan a zuci ba tare da ya lura ba, amma mai karantawa da murya dole ya yanke hukunci kafin kalmar ta fita, don haka sai idonsa ya riga bakinsa da jimla guda. Rubutun waya ya ƙara masa wahala, saboda yawanci ba a sa lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba, ana cusa Ingilishi a tsakiyar zance. Gwani yakan gyara duk wannan a bakinsa, ya ba tsohuwa muryarta, ya ba ɗan sarki tasa, ya san inda zai ja numfashi, har rubutu mai rauni ya fito da kyan da ba shi da shi a takarda. Muryar kwamfuta da wasu suka fara amfani da ita don gudun wahala ita ce ta fi tona wannan asiri, domin takan faɗi kalmar daidai da baƙaƙenta amma ta kauce wa karinta, kunnen Bahaushe kuma ba ya yafe wannan. Ga wanda Hausa harshensa na biyu ce, kamar yawancin mutanen Bahuli, lamarin ya fi nauyi, tun da muryar da yake ji ita ce malamarsa ta harshe.

Akwai abubuwa biyu da wannan sabon zamani bai daidaita ba. Na farko shi ne haƙƙin marubuci, domin sau da yawa ana karanta littafi a ɗora ba tare da an nemi izininsa ba, mai tashar ya samu kuɗin talla, ɗan dawunlodin ya samu na turawa, wadda ta kwana tana rubutu kuma ta tashi da suna kawai. A zamanin rediyo karatun talla ne ga bugaggen littafi, amma yanzu da kasuwar bugawa ta durƙushe, sautin shi ne hajar kanta, kuma rashin biyan mai ita zalunci ne ko da an saba da shi. Na biyu shi ne giɓin da ke tsakanin nau'o'in littattafai. Addini yana da taska mai faɗi ta sauti, labarin soyayya da na yaƙi suna da tasu, amma tarihi da kiwon lafiya da noma da shari'ar ƙasa da kimiyya kusan babu mai karanta su. Littattafan suna nan a rubuce da Hausa, irin su Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, da Kano Ta Dabo Cigari na Wazirin Kano Abubakar Dokaji, da Ikon Allah na East da Imam a kan halittu, da tarin abin da kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya buga tun daga 1966, amma yawancinsu sun ɓace daga kasuwa, kuma naɗar su da murya mai kyau ba za ta ci kuɗin da sake buga su zai ci ba. Sassan nazarin Hausa na jami'o'i da gidajen rediyon jihohi suna da masu murya da ɗakunan naɗa, izinin masu haƙƙi da niyya ne suka rage.

Ga Bahuli kuwa akwai wata fuska da Kano ba ta da ita. Kowace na'ura da ta zo, daga rediyo zuwa memori, ta ƙara wa Hausa ƙarfi a kunnen yaran Fali, ta kuma rage lokacin da a da ake ba kaka da tatsuniyarta da labarin yadda kakanni suka zauna a kan dutse. Harsuna irin Huli ba su da ɗimbin littattafai da za a karanta, abin da suke da shi yana bakin tsofaffi, tarihin zuri'a da waƙoƙin noma da na biki da sunayen tsirrai da magungunansu. A irin wannan hali tsarin da aka sani yana juyawa, domin ba daga takarda za a ɗauko a mayar sauti ba, sautin ne zai zama littafin farko, rubutu ya biyo baya idan an samu mai yi. Wayar da ake sauraron labarin Kano da ita tana da maɓallin naɗar murya, kuma ɗaliban da suke zuwa manyan makarantun Mubi daga Bahuli da Vimtim da Muchalla suna komawa gida hutu a lokacin da waɗannan tsofaffi suke raye.